Tambaya da Amsa: Ruwan da Ake Wanke Ƙwaƙwalwar Waya da Shi

A fitowar da ta gabata mun ambata a taƙaice cewa waya, kwamfuta da inbatar sola duk suna aiki ne da wani ɗan guntun silikon da ake kira cip, kuma kafin cip ya bar masana'anta ana yi masa wanka iri-iri da wani ruwa mai tsananin tsabta, wanda ake jan sa ta cikin bututu na musamman. Wannan 'yar magana ta jawo wasiƙu da dama, akasarinsu daga cikin garin Sakkwato da kewaye. Ga amsoshin da injiniyoyin ruwa da masu aikin bututu na wannan shafi suka bayar.

Daga wani mai gidan ruwan leda a Mabera: Assalamu alaikum. Ina da bohol, da tankin yashi, da tankin gawayi, da injin RO, da fitilar UV. Mitar TDS tana nuna mini 12. Kun ce akwai ruwan da ya fi wannan tsabta nesa ba kusa ba. To me ya rage a cikin nawa?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta fuskar narkakken gishiri, wanda shi ake kira TDS, ruwanka lafiya lau yake, domin ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta yarda har zuwa miligiram 500 a lita ɗaya, kai kuwa kana kan 12. Sai dai mitar nan taka lantarki take aunawa. Tana tura 'yar wuta tsakanin ƙarafan nan biyu da ke bakinta, ta ga yadda ruwan ya ɗauke ta, sannan ta yi lissafi ta ba ka lamba. Ruwa zalla da ƙyar yake barin lantarki ya ratsa shi, abin da ya narke a cikinsa ne ke ɗaukar wutar. Lamba 12 a irin mitarka tana nufin kimanin maikrosimens 24 a santimita, wato ma'aunin yadda ruwa ke ɗaukar wuta. Ruwan masana'antar cip yana kan 0.055. Ka ga naka ya ninka shi fiye da sau 400.

Su can juya lissafin suke yi, su auna turjiyar da ruwan ke yi wa lantarki. Lambar da kowa ke nema ita ce megom-santimita 18.2 a zafin digiri 25. Nan ne iyakar ruwa. Ko me aka ƙara cirewa ba za ta haura haka ba, saboda shi kansa ruwan yakan ɗan rabu, ya samar da abin da ke ɗaukar wannan 'yar wutar da ta rage.

Abin da ya saura a naka, ban da ɗan gishirin da ya sulale ta RO, wato injin da ke matsa ruwa ta cikin siririyar fatar tacewa, akwai iska da ta narke a ciki, oksijin da kabon dayoksaid, waɗanda RO ba ta tare su. Akwai silika, wato narkakken yashi. Akwai ragowar ganye da taki da sauran abin da ya ruɓe, wanda ake auna shi da sunan TOC. Sannan ga gawarwakin ƙwayoyin cutar da fitilarka ta kashe, domin fitila kisa kawai take yi, ba ta kwashe gawa.

Ma'aunin ma dabam yake. A masana'antar cip ana son TOC ya tsaya ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan. Ka ɗauki dunƙulen Maggi ɗaya, ka raba shi huɗu, ka narka kashi ɗaya a cikin tankokin mai 30 masu cin lita 33,000 kowace, to kusan haka ne. Ƙarafa irin su sodiyam da baƙin ƙarfe kuwa da kashi cikin tiriliyan ake maganarsu. Madatsar Goronyo idan ta cika tana ɗaukar kubik mita miliyan 942. Kashi ɗaya cikin tiriliyan shi ne ka watsa abin da bai kai kilo ɗaya ba a cikin wannan ruwan gaba ɗayansa.

Daga wata ɗalibar kimiyyar lissafi da fizis a Jami'ar Usmanu Danfodiyo: Malam, na fahimci tsabtar, amma ban ga dalilin wannan wahala ba. Ai ruwan wanki ne kawai, bushewa zai yi.

'Yata, a wajen bushewar matsalar take. Ki zuba ruwan famfo a kan gilashin mota ki bar shi a rana, za ki ga farin tabo. Ruwan ya tafi, abin da ke cikinsa ya zauna. Ana gina cip a kan faifan silikon mai faɗin milimita 300, hawa bisa hawa, ta matakai ɗaruruwa, kuma bayan kusan duk matakin da aka taɓa faifan da asid ko aka goge shi sai an ɗauraye. Layukan da ake zanawa a kansa da nanomita ake auna su, alhali kaurin gashin kai ya kai nanomita 70,000 ko kusa da haka. Ƙwayar ƙura guda da ido ba ya gani, idan ta faɗa tsakanin layi biyu, tamkar tirela ce ta gindaya a titi. Ko ta haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, ko ta yanke ɗaya, cip ɗin ya tashi a banza.

Narkakkun ƙarafa sun fi ƙura mugunta. A shekarun 1960 masu ƙera tiranzista sun sha fama da kayan da ke aiki yau, gobe su sauya hali. Masu bincike a kamfanin Fairchild na Amurka ne suka gano cewa sodiyam ne, irin wanda ke cikin gishirin miya da gumin hannu, yake shiga siririn rufin gilashin da ke kan silikon yana yawo a ciki duk lokacin da aka sa wuta. A wannan zamanin ne kuma Werner Kern ya tsara hanyar wanke faifai a kamfanin RCA a 1965, aka wallafa ta a 1970, kuma har yau a kanta ake gini. Wanka na farko haɗin amoniya ne da haidirojin feroksaid da ruwa, kashi 1 da 1 da 5, a zafin digiri 75 zuwa 80, shi ke ɗaga ƙura da maiƙo. Na biyu asid ɗin haidirokilorik ne da feroksaid da ruwa, shi ke kwashe ƙarafa. Ki lura ruwa ne mafi yawan haɗin. In shi ne mai datti, wankan ya zama shafa datti.

Oksijin da ya narke a ruwa yana sa fuskar silikon ta yi wani ɗan ɓawo inda ba a so, shi da silika kuma su ke haifar da tabon bushewa. Akwai ma wurin da ruwan ya zama ɓangaren tabarau: a injinan zana layi masu aiki da haske mai tsawon zango nanomita 193, ana cika 'yar tazarar da ke tsakanin gilashin injin da faifan da wannan ruwa, domin yana lanƙwasa haske fiye da iska, sai layin ya ƙara siranta. Kumfa ɗaya tak a wurin ta ɓata zanen.

Wani abin mamaki da za ki so: tsabtar kan yi yawa. Ruwan da ba ya ɗaukar lantarki, idan aka fesa shi da ƙarfi a kan faifai, yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi a bargo lokacin hunturu, ta ƙona cip. Saboda haka a wasu injina da gangan ake ɗura masa kabon dayoksaid kaɗan a bakin aiki, don ya rage turjiya. Iska ce, tana tafiya ba ta bar tabo ba.

Daga wani tsohon ma'aikacin gidan ruwa a Arkilla: Mu abin da muka sani shi ne alif, da tankin kwantarwa, da yashi, da kulorin. Daga nan ina ake dosa?

Baba, inda kuka tsaya nan suke farawa. Abu na farko ma shi ne su cire kulorin ɗin da kuka zuba, ko da gawayi ko da maganin sodiyam baisalfait, saboda fatar tacewa ta RO da roba mai suna foliyamaid aka yi ta, kulorin kuwa cinye ta yake yi. Alamar an yi sakaci ita ce ruwa ya riƙa fitowa da yawa fiye da da, lambar mita kuma tana hawa. Mai injin sai ya yi murna wai ruwa ya ƙaru, alhali fatar ce ta huje. Sannan a magance kalsiyam, wato farin ɓawon nan da ke kama gindin buta. Duk inda ruwa ya ratsa farin dutse irin wanda ake haƙa a Kalambaina don siminti, yana ɗauke da shi. Ko a cire shi da rezin, wasu 'yan ƙwayoyin roba masu kama narkakken gishiri, ko a zuba maganin da ke hana shi daskarewa a jikin fatar.

Daga nan sai RO, hawa biyu a jere. Cikin kowace lita 100 da ta shiga, kimanin 75 ke wucewa, 25 su fita ɗauke da gishirin. Tsakanin hawa na farko da na biyu akan ɗiga soda kaɗan, domin ta mayar da kabon dayoksaid wani gishiri da fatar za ta iya tarewa, ta kuma taimaka wajen tare boron, wani sinadari da ke narke a ruwa. Bayan RO ana bi da ruwan ta cikin dubban siraran zaruruwa masu rami, waɗanda iska ke ratsa bangonsu amma ruwa ba ya ratsawa, ana zuƙe iskar daga ɗaya gefen. Sai rezin, 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, iri biyu a gauraye: ɗaya yana kama sodiyam da kalsiyam da 'yan uwansu, ɗaya yana kama kuloraid da salfet, abin da suke saki a madadinsu kuma haɗuwa yake ya zama ruwa. Masana'antu da yawa yanzu suna sa na'urar EDI a wannan mataki, wadda ke farfaɗo da rezin ɗinta da lantarki ba tare da an zuba asid da soda ba.

Fitilar UV iri biyu ce, kuma mutane na rikita su. Mai nanomita 254 ita ce ta gidajen ruwan leda, aikinta kashe ƙwayoyin cuta. Mai nanomita 185 farfasa TOC take yi, ta mayar da shi abin da rezin zai iya kamawa, shi ya sa kullum rezin ke biye da ita. Tana da nata aibin, don tana haifar da ɗan feroksaid a cikin ruwan, wanda shi ma sai an san yadda aka yi da shi. Tankin ajiya a rufe yake ruf, an cika sararin samansa da iskar naitirojin. Daga tankin ruwan ke shiga zagayen ƙarshe: a daidaita zafinsa, fitila, sabon rezin da ba a taɓa wankewa an maimaita ba, a sake zuƙe iska, sannan matata mafi ƙanƙantar ido.

Ga wani tarko da ke kama ko ƙwararru. Idan rezin ya fara gajiya, boron da silika ne ke fara kuɓucewa, su kuwa ba su cika ɗaukar lantarki ba. Mita tana nan daram a kan 18.2, ruwa kuwa ya riga ya ɓaci. Don haka ake ajiye na'urorin auna boron da silika da TOC daban, kuma da su ake yanke shawarar sauya rezin.

Daga wani filamba a Runjin Sambo: Ranku ya daɗe, shekarata 20 ina haɗa fayif. Me zai hana a ja wannan ruwa da PVC mai kauri a sa gam mai kyau? In kuɗi ne ba matsala, ai ga sitenles.

Malam, tambayarka ita ce gindin maganar, don haka za mu ɗan daɗe a kanta. Ruwan da aka ƙwace masa komai mayunwaci ne. Duk abin da ya taɓa sai ya ɗebi wani abu daga jikinsa. Ana iya kashe maƙudan kuɗi a tace shi, mita 200 na bututun da bai dace ba su mayar da aikin baya.

PVC ba roba ce zalla ba, an cakuɗa ta da magungunan da ke hana ta lalacewa a wuta lokacin ƙera ta, wasunsu masu ƙarfe a ciki, kuma ruwan yana tsotso su. Gam ɗin da kake shafawa narka fuskar robar yake yi, warinsa da kake ji shi ne TOC, zai kuma yi ta fita cikin ruwan na tsawon lokaci. Sannan ka leƙa cikin soket bayan ka haɗa: tsakanin bakin fayif da kafaɗar soket akwai 'yar tsaga a zagaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farkon layi, kafin RO, ana amfani da PVC da wata robar mai suna PP ba laifi. A zagayen ƙarshe ne ba su da wuri.

Sitenles mai lamba 316L da aka goge cikinsa da lantarki yana da babban matsayi a masana'antar cip, amma wajen jan iskar gas. Kamfanonin magunguna ma da shi suke jan ruwansu, domin yana jure tururi. A ruwan cip kuwa yana sakin baƙin ƙarfe da nikel da kuromiyam, a hankali cikinsa ya yi wani jan dafi-dafi, musamman in ruwan da zafi. Ga wanda ke ƙirga kashi cikin tiriliyan, wannan ya isa.

Abin da ake amfani da shi shi ne PVDF, wata roba mai fulorin, fara mai ɗan shara-shara, wadda ba a cakuɗa ta da komai, cikinta sumul. Ƙananan tiyo da ke shiga cikin injina kuma PFA ne, ita ma roba ce mai fulorin. Ƙungiyar masana'antun, SEMI, tana da ƙa'ida mai lamba F57: ana jiƙa samfurin bututun a ruwa mai tsabta a zafin digiri 85 har kwana 7, a auna abin da ya fita daga jikinsa.

Haɗin kuwa walda ce. Bututun yana zuwa da murfi a baki biyu, cikin leda biyu, ba a buɗe shi sai cikin ɗaki ko rumfa mai tsabta. Mai aikin yana sanye da safar hannu. Ba a kusantar sa da zarto, don zarto gari yake yi, da wuƙa mai zagayawa ake yanka shi. A ɗaure baki biyun a injin, a feƙe su su daidaita, a goge da tsumma marar gashi da aka jiƙa da sifirit na aisofurofil. Sai a sauko da faranti mai zafi tsakaninsu, wanda ba ya taɓa robar ko kaɗan, hucinsa ne ke narka bakin (PVDF na narkewa a wajen digiri 170 da 'yan kai). A janye farantin, injin ya matso da su daidai gwargwadon da aka saita masa, a bar su su huce ba a motsa ba. Injin ya fitar da 'yar takarda mai lambar waldar a manna a wurin. Mai dubawa ya zo ya ɗora tocila a bayan haɗin, tunda robar na barin haske ya wuce, ya duba ko akwai kumfa ko baƙin ɗigo. In akwai, yankewa ake a sake. Wannan hanya tana barin ɗan siririn zobe a ciki. Inda ba a son ko shi, akwai wata waldar da ake tura balan-balan cikin bututun a hura ta daidai wurin haɗin, a narka daga waje, cikin ya fito kamar ba a taɓa yanka shi ba. Ka tuna da ƙurar hunturu ta garin nan, ka ga dalilin da ya sa ba aikin da za a yi a tsakar gida ba ne.

Ko an samu bututu mai kyau, tsarin shimfiɗa shi na iya kashe aikin. Ruwa ba ya tsami banza, tsayawa ke sa shi. Akwai ƙwayoyin cuta, irin su Ralstonia pickettii, da ke rayuwa a ruwan da kusan babu abinci a cikinsa. Suna manne wa bango su yi yauƙi, irin santsin da kake ji a cikin tankin da aka daɗe ba a wanke ba, daga nan su riƙa sakin 'ya'yansu da gawarwakinsu. Shi ya sa layin zagaye ne: ruwa ya fita, ya bi ta gaban injina, abin da ba a sha ba ya koma tanki, dare da rana, ko ana aiki ko ba a yi, da gudun kimanin mita ɗaya a daƙiƙa ko fiye. Reshen da aka cire da ti aka toshe bakinsa, da nufin wai wata rana za a yi ƙari, shi ake kira matacciyar ƙafa. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada tsawonsa ya wuce faɗin bututun sau 6, masu aikin yanzu suna neman sau 2 ko ƙasa da haka. Bawul mai ƙwallo ma ba ya shiga, domin yana ɓoye ruwa a bayan ƙwallon. Mai tafin roba da ke danne hanya ake sawa.

Saura biyu da kan ba sabon shiga mamaki. PVDF yana miƙewa da zafi kusan sau goma fiye da ƙarfe, kimanin milimita 0.12 a kowace mita a kowane digiri. Layin mita 100 da zafinsa ya tashi da digiri 20 zai ƙaru da wajen santimita 24. In ka ɗaure shi tamau a baki biyu, ko ya lanƙwashe ko ya tsage a walda, don haka ake bar masa gwiwoyin shaƙatawa da maɗaurai masu barin sa ya zame. Na biyu, sabon layi ba a fara aiki da shi ranar da aka gama. Ana gwada shi da matsi, a kashe ƙwayoyin cuta da feroksaid ko ozon ko ruwan zafi, sannan a yi ta ɗauraya na kwanaki, wani lokaci makonni, har fulorin da TOC da sabuwar roba ke saki su sauka.

A aikinka na gidajen ruwan leda ba ka buƙatar PVDF. Amma ka bi layin da ke bayan RO ka yanke duk wani toshasshen reshe, ka rage gam ɗin da ke tsiyaya ciki, ka kuma sa fitilar UV kusa da injin ɗura leda, kada ta kasance kafin tanki. Sau da yawa ruwan da ke faɗuwa gwajin ƙwayoyin cuta a bayan RO yake ɓaci.

Daga wata uwar gida a Gawon Nama: An ce wanda ya sha wannan ruwa cikinsa zai tsage. Wani kuma ya ce maganin ƙoda ne.

Hajiya, duka biyun ba haka ba ne. Kofi ɗaya ba zai yi wa mai lafiya komai ba, yana haɗuwa da yawu da abin da ke ciki ya tashi daga mai tsananin tsabta. Salam yake a baki, ba daɗi. Ba ya maganin komai, kuma bai dace ya zama ruwan shan yau da kullum ba, tunda babu ma'adinan da ruwan sha ke ɗauke da su.

Daga wani mai sayar da batiran sola a Tsohuwar Kasuwa: Oga, za a iya samun jarka ɗaya ta wannan ruwa a ajiye don batir? Kuma yaya zan gane ruwan batir na gaskiya?

Jarkar za ta iso, ruwan da ka biya kuɗinsa ne ba zai iso ba. Ka tari wannan ruwa a buɗaɗɗen kofi ka tsoma mitar auna turjiya, kana kallo lambar za ta fara gangarowa daga 18, domin yana shan kabon dayoksaid daga iska, har ta tsaya a wajen 1, ruwan ya ɗan yi tsami-tsami. Shi ya sa ba a auna shi a kofi, cikin bututu ake dasa mitar. Ba hajar da ake ajiyewa ba ce, a wurin da za a yi aiki da shi ake yin sa.

Batir ba ya buƙatar wannan matsayi. Ruwan da aka turara aka tara, ko wanda ya bi ta rezin, ya wadatar. Abin da ke kashe batir shi ne baƙin ƙarfe, wanda ke sa shi zubar da caji yana ajiye, da kuloraid da ke cin farantansa. Ruwan batir na kirki a mitar TDS zai nuna sifili ko 'yan lambobi ƙalilan. In ka ga 40 ko 80, ruwan leda ne aka sauya wa gora. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki gishirinsa kaɗan ne, amma ya wanko ƙura da ƙarfen na'urar, ba ma ba da shawararsa ga batir mai tsada. Ka ajiye a jarkar roba mai murfi, ban da bokitin ƙarfe. Kuma ruwa kaɗai ake ƙarawa, kada a ƙara asid, don ruwan ne ke ƙafewa ya bar asid ɗin.

Daga wani ma'aikacin jinya: Shin ruwan wankin ƙoda shi ne wannan?

Dangi ne, amma abin tsoron ya bambanta. Mai wankin ƙoda na awa 4 jininsa yana gogayya da kimanin lita 120 ta bayan siririyar fata, don haka abin da ke cikin ruwan yana iya shiga jini kai tsaye. Kulorin da kuloramin suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake sa tankin gawayi biyu a jere ana gwada ruwan a tsakaninsu, iyakar kuma miligiram 0.1 ce a lita. Aluminiyam, wanda ke iya fitowa daga alif, yana taruwa ya taɓa ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin cuta kada su kai 100 a mililita. Ba a neman 18.2 a nan. Amma maganar zagaye da matacciyar ƙafa da muka yi wa filamba ta shafe ku harafi da harafi.

Daga wani ɗalibin injiniya a Wamakko: Muna da Rima, muna da Goronyo, muna da rana. Za a iya kafa irin wannan masana'anta a Sakkwato?

Ƙarancin ruwan sama shi kaɗai ba ya hanawa. Kamfanin cip na Intel na da masana'antu a Chandler, TSMC, ita ma mai ƙera cip, ta gina a Finiks, duka a hamadar Arizona ta Amurka. Singafo tana tace ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, mai suna NEWater, kuma masana'antun faifan silikon na cikin manyan masu sayensa. Abin da ake nema shi ne ruwan da ba ya yankewa. Lita ɗaya ta mai tsabta tana cin kusan lita ɗaya da rabi ta ɗanyen ruwa, TSMC kuwa a Taiwan tana shan fiye da tan 150,000 a rana. A farin da aka yi na rashin ruwan sama a 2021, mafi tsanani a tsibirin cikin fiye da shekara 50, sai da kamfanin ya yi hayar tankoki suna kawo ruwa, gwamnati kuma ta dakatar da ban ruwa a dubban hektocin gonaki. A nan, wannan rabon zai faɗa ne tsakanin masana'anta da manoman albasa da shinkafa na fadamar Rima.

Wutar lantarki ta fi ruwan wuyar samu. Famfunan zagayen ba sa tsayawa, in wuta ta ɗauke ruwa ya kwanta a layi, sai an sake ɗauraya da gwaji kafin a yarda da shi.

Sai abubuwa biyu da suka shafi nan musamman. Na farko zafi. Fatar RO iyakarta digiri 45, kuma tun kafin nan, ruwa mai ɗumi yana sa gishiri ya fi ratsa ta. Ruwan da ya wuni a baƙin tanki a watan Afrilu bai yi nisa da wannan iyaka ba, dole a sanyaya shi tukuna. Mita ma zafi na ruɗa ta: ruwan da ke kan 18.2 a digiri 25, a digiri 40 turjiyarsa ba ta kai 9 ba alhali bai ƙazantu ba, shi ya sa kowace mita ke da ma'aunin zafi tana mayar da lissafi kan digiri 25. Na biyu takin zamani. Yuriya ƙwayarta ƙanana ce kuma ba ta ɗauke da caji, saboda haka wani kaso nata yana ratsa RO, rezin ba ya kama ta, fitilar 185 ma da ƙyar take farfasa ta. Masana'antun da ke jan ruwa daga kogin da ya ratsa gonaki sukan ga TOC ya tashi daidai lokacin da manoma ke watsa taki, sai sun ƙara wani mataki na musamman da ke ƙona yuriyar da magani tun a farkon layi. Mai tsara irin wannan aiki a gaɓar Rima zai fara ne da ɗibar samfurin ruwa wata-wata har shekara ta zagayo, da na damina lokacin da gulbi ya yi ja, da na rani lokacin noman fadama.